Lafiyayyar Lema Ce Ta Karya Ni

Akwai ƙarfe a cikin cinyata ta dama, daga ƙugu har kusa da gwiwa. Duk wanda ya ga ina ɗan ɗingishi, ya kuma ji cewa dirowa nake yi daga jirgin sama, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: "Lemar ce ta ƙi buɗewa?" Nakan ce a'a, ta buɗe tsaf. Sai ka ga mutum ya yi sororo, don ba amsar da yake jira ke nan ba. Sau ɗaya tak lema ta taɓa yi mini gardama a sama, ranar kuwa ko ƙwarzane ban yi ba. Ranar da aka kwashe ni ranga-ranga daga fili, lemar da ke bisa kaina ba ta da aibi ko na zare ɗaya.

Faɗowar ce ta ja ni harkar nan. A buɗe ƙofar jirgi a ƙafa 13,000, sanyi ya mare ka a fuska, ka saki jiki ka bi iska kana gudun kusan kilomita 200 a awa, wajen minti ɗaya babu abin da ke riƙe da kai. Wannan minti ɗayan nake nema. Naɗin lema, duba igiyoyi, da 'yan mintocin da mutum yake yi yana shawagi kafin ya taka ƙasa, duk na ɗauke su wahalar da dole a sha kafin a sake hawa jirgi. Da mahaifiyata ta ji abin da na tsiro da shi, cewa ta yi, "Kai dai ba za ka bar ni in huta ba," sannan ta bi ni da addu'a.

Ranar farko malaminmu ya baje kayan a gabanmu. Jaka ce da ake goyawa, haɗe da ɗamarar da ke kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Lema biyu ne a ciki: babba a ƙasa, wadda kake buɗewa kullum, da ta ko-ta-kwana a sama, wadda kake fatan ka tsufa ba ka ga launinta ba. Mariƙai uku ne. Na farko yana gindin jakar ta dama, shi ne kan 'yar ƙaramar lemar da kake jefa wa iska ta fizgo babbar. Na biyu jan matashi ne a ƙirji ta dama, na yanke babbar lema in ta lalace. Na uku na ƙarfe ne ta hagu, na ko-ta-kwana. Ga agogon auna nisa da ƙasa a hannu, ga hular kwano da tabarau. Aka sa mu haddace dubawa uku-uku kafin hawa jirgi: zobba uku, maɗauri uku, mariƙai uku. Na haddace kamar karatun jarrabawa, na ci, na wuce.

A can ƙarshen rumfar naɗi akwai wani dattijo, bakaniken lema, da keken ɗinkinsa da dogon teburinsa. Kowa Baba yake ce masa. Shi kaɗai ke da izinin buɗe lemar ko-ta-kwana ya duba ya sake naɗewa. Ya fara diro tun zamanin lema mai zagaye, irin wadda iska ke kai mutum inda ta ga dama, ya sauka tim kamar buhu. Ba shi da yawan magana, amma idonsa ba ya barin jakunkunanmu. Mu samari kuwa gani muke takura ce. In ya ce, "Yaro, zo in ga bayanka," ka san jirgin nan sai dai ya tashi ba kai.

A diro na tamanin da wani abu aka kira sunana a jirgi na gaba, saura minti goma sha biyar, lemata kuma tana baje a ƙasa. Na naɗe ta a gurguje. Kowace lema tana da linzami biyu, dama da hagu, waɗanda ke jan gefenta na baya. Da su ake juyawa, da su ake taka birki. Lokacin naɗi ana ɗaure su a rabin birki don lemar ta buɗe a natse. Na cusa na hagu ba tare da na tabbatar ya zauna ba, ragowar igiyar ma ban adana ta ba. Na ga haka da idona, na ce ai ba komai.

A ƙafa 3,500 na jefa 'yar lemar. Babbar ta fito, linzamin hagu ya suɓuce, gefe ɗaya ya ruga gaba ɗayan yana riƙe. Kafin in ankara igiyoyin sun murɗe har bayan wuyana, ina kwance rigingine a iska, duniya tana juya mini kamar dutsen niƙa. Na yi ta harbin iska da ƙafa don in warware murɗin, abin sai ƙaruwa yake. An koya mana cewa kafin ƙafa 2,500 mutum ya gama shawara. Na kalli agogo, na kalli jan matashi, na ɓanɓare shi na tura har ƙarshen hannu. Na ji na suɓule. Akwai wata 'yar igiya da ke haɗa babbar lema da fil ɗin da ke riƙe ta ko-ta-kwana a rufe, babbar tana tafiya igiyar ta zare shi, amma duk da haka na ja mariƙin ƙarfen yadda aka koya mana. Sai ga farar lema ta baje a kaina, shiru, lumui. Na sauka a tsaye.

Da aka tsinto babbar lemar daga wata gona, Baba ya shimfiɗa ta ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ɗaga linzamin hagu yana lilo, ya ɗaga na dama a ɗaure, ya ce, "Wa ya naɗe?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "To kai ka yi tambayar, ni na ba da amsa. Kada ka riƙa sa ni amsa irin wannan." Na yi godiya, na sunkuyar da kai. Amma in faɗi gaskiya, darasin da na ɗauka a ranar baibai ne. A zuciyata cewa na yi, abin da kowa ke tsoro ya same ni na kuma fita, me ya rage? Kaina ya ƙara girma.

Daga nan idona ya koma kan ƙananan lemomi. A kowane filin sauka akwai gwanayen da ke sheƙowa daga sama da ƙara kamar shaho, su miƙe dab da ƙasa, su yi ta sulɓi a kan ciyawa mita da yawa kafin su tsaya. Kowa kallonsu yake. Ba wanda ke gaya maka cewa mafi yawansu sun yi diro dubu ko fiye, sun kuma sauko daga babbar lema zuwa ƙarama mataki-mataki cikin shekaru. Lissafin da ake yi shi ne a raba nauyin mutum da kayansa, a ma'aunin fam, da faɗin lemar a murabba'in ƙafa. Ni da kayana fam 190 ne. A kan lemata mai faɗin 170 lissafin ya ɗan haura 1.1, wanda ma ya isa ga mai diro ɗari da 'yan kai. Sai wani da zai bar harkar ya yi mini tayin tasa mai faɗin 135. Wannan 1.4 ke nan.

Na kai wa Baba ya haɗa mini ita da jakata. Ya juya ta, ya karanta tambarin, ya miƙo mini. "Ɗana, wannan ba taka ba ce tukuna." Na ce ai saukata tana kyau, kowa ya shaida. Ya ce, "Ranar da komai ya tafi daidai kowa gwani ne. Ka taɓa sauka iska tana bayanka? Ka taɓa juyawa a ƙasa-ƙasa ba ka yi nutso ba? Ka taɓa sauka a wurin da bai fi rumfar nan faɗi ba?" Ko ɗaya ban taɓa ba. Na ce zan yi a hankali. Ya koma kan kekensa. Na je na sami wanda ya haɗa mini.

Diro goma sha ɗaya na yi da ita lafiya, kuma daɗinta ba ya faɗuwa. Ka ɗan taɓa linzami ta amsa. A na goma sha biyu muka fita daga jirgi da nisa, na yi ta fafutukar dawowa fili, na iso a makare. Tsarin sauka mataki uku gare shi: ka bi iska daga wajen ƙafa 1,000, ka karya kwana a 600, ka sake karyawa a 300 ka fuskanci iska, daga nan ba sauran juyi. Ni kuwa na iso bakin fili ƙasa da ƙafa 200, iska tana bayana, ƙasa tana gudu a ƙarƙashina da saurin da ban saba gani ba. Idona ya faɗa kan tutar iska. Abu ɗaya ne ya cika mini kai: ana sauka ne ana fuskantar iska. Na ja linzamin dama har ƙugu.

Lema in ka fizge ta haka, hancinta ƙasa yake kallo, kai kuma ka yi waje kamar dutse a bakin majajjawa. Kafin nauyinka ya dawo ƙarƙashinta tana bukatar sarari, ƙaramar lema kuma ta fi babba bukatarsa. Ni ban da shi. Na tuna na ga ciyawa ta tsaya a gabana kamar bango. Waɗanda suka gani sun ce ni da lemar kusan tare muka taɓa ƙasa. Cinya ta karye, ƙashin ƙugu ya tsage, haƙarƙari biyu suka bi. Alhamdu lillahi, kai da ƙashin baya sun tsira.

Masu dubiya kowa ya zo sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, ni ma in gyaɗa kai, don maganar tana sanyaya zuciya. Baba ya zo a kwana na biyar. Ya gaishe ni da jiki, ya zauna, ya ce, "Na duba lemarka daga sama har ƙasa. Lafiyarta ƙalau." Ya yi shiru. Wannan maganar ta fi karayar ciwo. Na so a ce igiya ce ta tsinke, ko guguwa ce ta taso, wani abu dai da zan jingina da shi. Da zai tafi ya ce in na fara taka ƙafa in zo rumfa, yana da aikin da ake yi a zaune.

Wata bakwai na yi a gefen teburinsa da sanduna biyu. A nan na san kayan da na yi diro fiye da ɗari da su ban san su ba.

Ya fara ba ni 'yar igiyar rufi. Tsawonta bai kai taƙi ba, ita ce ke ratsa idanun ƙarfen jakar, a soka mata fil, ta riƙe babbar lema a rufe. Kowane naɗi tana ɗan gogewa. Ƙa'ida ita ce in ta fara tsefewa kamar kashi 10 cikin 100, a cire a sa sabuwa, aikin da bai kai minti biyar ba. In ta tsinke kana bakin ƙofar jirgi, ko kana cikin faɗowa wani yana samanka, lemar za ta fito lokacin da ba wanda ya kira ta. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Baba ya sa na duba ta kowace jaka a rumfar, na dawo masa da guda huɗu da suka isa canji. Ɗaya tawa ce.

Sai igiyoyin lemar kanta, waɗanda da ni duk ɗaya nake ganinsu. Ashe iri-iri ne. Wadda ake kira Dacron mai kauri ce, tana ɗan miƙewa, shi ya sa buɗewarta ke da taushi. Spectra siririya ce mai ƙarfi, amma ba ta son zafi. Akwai wani ƙyalle mai kusurwa huɗu da idanun ƙarfe, silaida, wanda ke saukowa ta kan igiyoyi yana rage ƙarfin buɗewa don kada lema ta fizge mutum. Gogar da yake yi tana haifar da zafi, zafin kuma yana sa Spectra ta ƙanƙance, musamman igiyoyin gefe da na linzami. A hankali siffar lemar ta canza, buɗewa ta yi muni, birki ya tashi daga inda ka saba, kai kuma kana zaton hannunka ne ya lalace. Vectran ba ta ƙanƙancewa haka, amma tana cinyewa, tana iya tsinkewa ba tare da dogon gargaɗi ba. Baba yakan miƙe igiyoyi ya auna su da tef yana gwadawa da lissafin masu ƙera lemar, in bambancin ya yi yawa ya ce a canza duka. Yadin kuwa nailan ne, babban maƙiyinsa rana. Ba abin da ke tayar wa Baba hankali kamar ya ga an yar da lema a fili ana hira. Ruwan batir, ruwan gishiri da yashi su ma ba ya wasa da su, kuma bai yarda a bar jaka a but ɗin mota cikin zafi ba.

Zobba ukun nan da na haddace sunansu, waɗanda ke haɗa babbar lema da ɗamara, a hannunsa na gane hikimarsu. Babban zobe, matsakaici ya ratsa shi, ƙarami ya ratsa matsakaici, 'yar igiya ta riƙe ƙaramin, waya mai ruwan ɗorawa, wadda jan matashi ke zarewa, ta riƙe igiyar. Kowane zobe yana rage nauyin da ke kan na bayansa, har ya zama hannu ɗaya zai iya sakin mutumin da lema ke wujijjigawa. Wani Ba'amurke, Bill Booth, ya ƙirƙiro su a shekarun 1970. Baba ya yi zamani da maƙullan ƙarfen da ake amfani da su kafin nan, ya ce ka ɓalle gefe ɗaya ɗayan ya maƙale abu ne da suka sani. Amma su ma zobban suna son kulawa. Duk wata ana kwance su, a murza maɗaurin don kada ya sandare a lanƙwashe, a goge wayoyin, a ɗan shafa musu man silikon. Na tambayi kaina yaushe rabon da in yi wa tawa haka kafin ranar da na ja jan matashi. Ban taɓa ba.

Ranar da yake naɗin ko-ta-kwana ba ya amsa gaisuwa. Yana ƙirga kayan aikinsa kafin ya fara, ya sake ƙirgawa in ya gama, don kada wani ya kwana a cikin jaka. Ya bi kowane ɗinki, kowace igiya. In ya rufe, ya ɗaura jan zare a fil ɗin, ya danne da hatimin dalma mai alamarsa, ya rubuta kwanan wata a katin da ke aljihun jakar ya sa hannu. A Amurka doka ta ce duk kwana 180 a yi wannan, ko an buɗe lemar ko ba a buɗe ba. Wasu ƙasashen da nasu wa'adin. A nan ne kuma yake duba na'urar da ke buɗe ko-ta-kwana da kanta. Tana auna nauyin iska, ta gane nisanka da ƙasa da saurin faɗowarka, shi ya sa ake kunna ta a filin da za a sauka. Irin tawa CYPRES ce, wadda Bajamushe Helmut Cloth ya fito da ita kasuwa a 1991. In ka kai wajen ƙafa 750 kana gudun da ya wuce mita 35 a daƙiƙa, sai ta datse igiyar rufin ko-ta-kwana, ko da a sume kake.

Wata rana na ce masa, "Baba, duk wannan dabara an yi ta, amma ba abin da ya tare ni." Ya ce, "Duk abin da ke teburin nan aikinsa ya ba ka lema a buɗe. Daga nan kuma hannunka ne. Ba a ƙera na'urar da ke riƙe hannun mutum ba tukuna." Ya ce tun da Domina Jalbert ya fito da lema mai ɗakuna da iska ke shiga ta gaba ta cika su, wadda ya yi wa rajista a 1966, abin da ke kan mai diro ya zama fiffike. Mai fiffike kuwa matuƙi ne, ko ya koyi tuƙi ko bai koya ba.

Bayan shekara guda likita ya sake ni. Na sayar da mai faɗin 135, na ari mai faɗin 210, irin wadda da nake yi wa dariya, na shiga ajin tuƙin lema. A nan ba a zuwa ƙafa 13,000. A ƙafa 5,000 kake fita ka buɗe nan take, babu minti ɗayan nan da na shigo dominsa. Malamar tana ƙasa riƙe da kyamara tana ɗaukar kowace sauka. A sama ta sa muka yi ta jan linzami a hankali har lemar ta daina tashi ta fara zamewa baya, don hannu ya san iyakar. Ta sa muka juya da ƙarfi muna kallon agogo, mu rubuta ƙafa nawa muka zubar. Da na ga nawa lissafin, na gwada shi da tsayin da nake a ranar nan, sai da cikina ya juya. Sannan ta koya mana juyi a cikin birki: ka ja linzami biyu zuwa rabi, ka ɗan sassauta ɗaya, lemar ta juya tana nan bisa kanka ba nutso. Da wannan kaɗai na sani, da yanzu ba ƙarfe a cinyata. Ta koya mana gane inda za mu sauka tun daga nesa: wurin da ke hawa sama a idonka ba za ka kai shi ba, wanda ke yin ƙasa za ka wuce shi, wanda ya tsaya cak nan ne masaukinka. Da na san wannan ma, da tun a ƙafa 2,000 na zaɓi wata gona na sauka na dawo a ƙafa.

Abin da ta fi nanatawa shi ne jerin abin da ke gaba da wani wajen sauka. Fiffike a miƙe bisa kai. Wuri mara cikas. A ja birki aƙalla rabi, ƙafafu da gwiwoyi a haɗe, a shirye don mirginawa. Fuskantar iska tana bayan duk waɗannan, abin so ce in ta samu.

A rana ta ƙarshe, iska ba ta da ƙarfi, ta ce kowa zai sauka iska tana bayansa, da gangan, ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata, "Malama, wannan fa shi ne abin da na guje wa na karye." Ta ce ta sani, shi ya sa ni zan fara.

A ƙafa 300 na miƙe, tutar iska tana nuna inda na dosa. Ƙasa ta fara gudun nan da na sani. Hannuna na dama ya yi nauyi, wallahi kamar wani ne ke jan sa. Na ce masa a'a da ƙarfi, a fili, ni kaɗai a sama. Na ɗaga ido na kalli gaba, na jira, na ja linzami biyu daidai har ƙasa, na haɗe ƙafafu. Na taɓa ciyawa, na zame a kan cinya da mazaunai kamar taku goma, na tsaya. Na zauna ina duba jikina. Koren ciyawa ne a wando, sai ƙasa a takalmi. Shi ke nan abin da na ba da cinyata don in kauce masa.

Ban san na daɗe a zaune ba sai da na jiyo muryar Baba daga bakin rumfa: "Kai yaro! Ka gama kukan a inuwa, ɗauke mini lemar nan daga rana!" Na tashi, na tattara igiyoyin a hannu, na saɓa ta a kafaɗa, na ɗingisa zuwa rumfa.